Mun Bi Sawun Hambaga Daga Jamus Har Amurka

Da yawa cikin masu karatu sun taɓa ganin abincin nan da ake kira hambaga, ko a manyan garuruwa ko a hoto. Curin burodi ne a tsaga biyu, a sa faifan niƙaƙƙen nama gasasshe a tsakiya, a ɗora albasa da tumatir da ganyen latas, wani lokaci har da cuku. Ana gobe za mu tashi, wata maƙwabciyarmu, tsohuwa, ta zo yi mana sallama. Ta ce, "'Ya'yana, in kun je ku tambayo mini. An ce abin nan naman alade ne, gama jikana ya ce da Turanci ham shi ne cinyar alade. Tun da na ji haka na hana yara kawo mini shi gida." Muka ce, "To, Iya, in Allah ya yarda za mu kawo miki labari."

Wata hidima ce dabam ta fitar da mu, amma hanya ta bi da mu ta Jamus, sa'an nan Amurka. Tun da yake saƙon Iya yana wuyanmu, muka riƙa tambaya duk inda muka sauka. Ga abin da muka gani da abin da muka koya.

Birnin bakin kogi

Hamburg shi ne birni na biyu wajen girma a Jamus, bayan Balin. Mutanensa sun kusa miliyan 2. Yana bakin kogin Elbe, wajen kilomita 100 daga teku, amma saboda zurfin kogin manyan jiragen ruwa suna shigowa har cikin gari. Tasharsa ita ce mafi girma a ƙasar duka. Mun isa da yamma ana yayyafi, iska mai sanyi tana busowa daga wajen ruwa. Abin da ya fara ɗaukar idonmu shi ne hasumiyar majami'ar Mika'ilu, mai tsawon mita 132. Shekaru da yawa ita ce alamar da matuƙan jirgi suke fara hangowa, su san sun iso gida. Ita ce kuma abin ƙarshe da masu barin ƙasa suke waiwaya su gani.

Ran Lahadi da sassafe mai masaukinmu ya kai mu kasuwar kifi ta unguwar Altona, wadda take ci tun 1703. Da ƙarfe 9 da rabi ake tashinta. Ya ce asalin wannan ƙa'ida shi ne don masunta su sayar da kifinsu kafin ya lalace, mutane kuma su sami zuwa sujada a kan lokaci. A nan muka ga abin da mutanen Hamburg suke ci a tsaye, watau ɗan burodi da kifi da albasa a ciki. Muka duba ko'ina, muka ce, ina hambagar? Ya yi dariya ya ce ai a Jamusanci Hamburger mutumin Hamburg ne, ko kuwa duk wani abin da ya fito daga can, kamar yadda mu muke cewa Bakano ko ɗan Zariya. Ashe tun a rana ta biyu mun sami rabin amsar Iya. Sunan gari ne, alade ba shi da hannu a ciki.

Da rana uwargidansa ta yi mana abinci iri biyu don mu gani da idonmu. Na fari shi ne wanda suke kira Frikadelle. Nama ne niƙaƙƙe, a kwaɓa shi da albasa da ƙwai da tsohon burodi jiƙaƙƙe, a mulmula, a danne, a soya a kasko. Na biyu sunansa Rundstück warm, ɗan curin burodi ne da yankan gasasshen nama, a kwarara romo mai kauri a kai. Ta ce abincin ranar Litinin ne a da, da ragowar naman Lahadi ake yinsa. Da muka dube su biyun sai muka ga kamar uwa da uban hambaga ne suke zaune a faranti ɗaya, ɗan ne kawai ba a haifa a gidan ba.

Ɗakunan masu ƙaura

Kashegari muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari zuwa tsibirin Veddel, inda akwai gidan tarihi mai suna BallinStadt, wanda aka buɗe a 2007. Wurin nan ne ya fi taɓa mu cikin tafiyar duka. Daga 1850 zuwa shekarun 1930 mutane fiye da miliyan 5 suka bar Turai ta tashar Hamburg, yawancinsu zuwa Amurka. Akwai Jamusawa, akwai mutanen Folan da Rasha, akwai Yahudawa da yawa masu gudun tsanani. Waɗansu yunwa ta kore su, waɗansu rashin gona, waɗansu tsoron a ɗauke 'ya'yansu soja.

Kamfanin jiragen ruwa mai suna HAPAG, wanda aka kafa a 1847, shi ne ya kwashi da yawa daga cikinsu. A 1892 annobar amai da gudawa ta faɗa wa Hamburg, ta kashe mutane fiye da 8,000, aka kuwa ɗora wa baƙin nan laifi, ko da yake ruwan kogin da gari yake sha ba tare da tacewa ba shi ne ya yaɗa cutar. Daga 1901 shugaban kamfanin, Albert Ballin, ya sa aka gina musu manyan ɗakuna a tsibirin nan, da wurin kwana, da ɗakin cin abinci, da wurin wanka, da majami'a, da ɗakin sujadar Yahudawa. A nan suke jira likita ya duba su kafin su shiga jirgi.

Mun ga akwatunan katako da jakunkuna irin waɗanda suka ɗauka, mun ga littattafan da aka rubuta sunayensu da shekarunsu da sana'arsu da garinsu. Mutum ya tattara duk abin da ya mallaka cikin akwati ɗaya, ya bar kaburburan iyayensa, ya nufi ƙasar da bai san harshenta ba. Muka tsaya shiru. Babu wanda ya taɓa zuwa ci rani da zai ga akwatunan nan hankalinsa bai koma gida ba. Abin da ba ya cin wuri a akwati shi ne abin da hannu ya iya dafawa. Wannan kam sun tafi da shi.

A ƙetaren teku

A ƙarshen ƙarni na 19 gidajen abinci na Niyu Yok da sauran biranen Amurka suna sayar da wani abu da suke kira naman Hamburg. Naman sa ne a daddatsa ƙanana, a haɗa da albasa, a soya, a kawo a faranti da cokali mai yatsu. Da injin niƙa nama na hannu ya yawaita a lokacin, sai abin ya yi arha, gama guntattakin da mahauci ya rage da naman da ya yi tauri duk suna shiga. Abincin talaka ne da leburan masana'anta. Abin da ya rage shi ne wani ya sa shi cikin burodi, don mai sauri ya riƙe a hannu ya ci yana tafiya. A kan wanda ya fara yin haka ne garuruwan Amurka suke ta gardama har yau.

Daga Niyu Yok muka shiga jirgin ƙasa, tafiyar wajen awa 2, zuwa New Haven a jihar Connecticut. Garin ya yi suna saboda Jami'ar Yale, wadda aka kafa a 1701. Amma mu wani ɗan ɗaki muka je nema a titin Crown, mai suna Louis' Lunch. Ginin jan bulo ne, ƙarami ƙwarai, da jajayen ƙyamaren taga, manyan benaye sun sa shi tsakiya kamar ɗan tsako cikin shanu. Mun tarar da layi har waje.

Mai kafa wurin, Louis Lassen, shi ma baƙo ne, daga ƙasar Denmak ya zo. A 1895 ya fara sayar wa ma'aikata abinci a kan keken tura. Zuriyarsa suna cewa wata rana a 1900 wani mutum ya zo a gaggauce ya ce a ba shi abin da zai ci a hanya. Louis ya ɗauki guntattakin naman da ya niƙa, ya gasa, ya sa tsakanin yanka biyu na gasasshen burodi, ya miƙa masa. Har yanzu iyalin ne suke riƙe da wurin, har yanzu kuma yankan burodi suke sawa, ba curi ba.

Da muka shiga, ƙamshin nama ya tarye mu. A bayan kanta akwai murhun ƙarfe guda 3 a tsaye, baƙaƙe, an ƙera su tun 1898. Ana matse faifan naman cikin ragar waya, a zura shi a tsaye, harshen wutar gas yana lasarsa ta gefe biyu, kitsen yana ɗiga ƙasa. Abin da za a ɗora maka uku ne kawai: cuku, tumatir, albasa. Miyar tumatir ta kwalba wadda suke kira kecap, da mastad, ba a ba da su a nan ko kaɗan, akwai ma sanarwa a bango. Suka ce nama mai kyau ba ya bukatar a rufe masa baki. Muka sami wuri a wani benci na katako wanda shekaru suka goge, mutane sun sassaƙa sunayensu a jikin tebur. Muka ci a farantin takarda, romo yana bin yatsunmu.

Ɗakin nan ya kusa salwanta. A shekarun 1970 aka so a rushe shi don a yi sabon gini. Mutanen gari suka tashi tsaye, a 1975 aka ɗaga ginin ɗungum aka ɗora a babbar mota aka kawo shi inda yake yanzu. Masu ƙaunar wurin suka aiko da bulo daga ƙasashe dabam dabam aka ƙara a bango. A shekara ta 2000 kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa labarinsa cikin abubuwan gado na ƙasar.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi

Sai dai in ka faɗi wannan labari a wata jiha za a yi maka musu. Mutanen Seymour a jihar Wisconsin suna cewa wani yaro ɗan shekara 15, Charlie Nagreen, shi ya fara a 1885. Yana sayar da curin nama a wurin baje koli, ya ga mutane ba sa saye don ba sa iya ci suna yawo, sai ya danne curin ya sa a burodi. Mutanen wani ƙaramin gari a jihar Niyu Yok, wanda shi ma sunansa Hamburg, suna cewa 'yan'uwa biyu ne, Frank da Charles Menches, a shekarar nan ta 1885. Mutanen Athens a jihar Texas kuwa suna cewa nasu ne, Fletcher Davis, wanda suka ce ya kai abin babban baje kolin St. Louis a 1904. Jaridun Amurka na shekarun 1890 ma sun riga sun ambaci naman Hamburg cikin burodi a garuruwa masu nisa da juna.

Da muka tara labaran nan sai muka lura da abu guda. Dukansu masu tallar abinci ne a bakin hanya ko a kasuwa, dukansu kuwa matsalarsu ɗaya, mai saye yana sauri, ba shi da faranti, ba shi da kuɗi da yawa. Inda burodi yake kusa da nama, yunwa kuma tana tsaye, ba sai an aiko da malami ba. Wa zai iya nuna mana mutumin da ya fara tsire nama a tsinke?

Yadda ya cika duniya

Da fari masu hali suna ƙyamar niƙaƙƙen nama, suna kuwa da dalili. A 1906 wani marubuci, Upton Sinclair, ya fitar da littafi mai suna The Jungle, ya tona ƙazantar manyan mayankan Chicago. Hankalin jama'a ya tashi, a shekarar nan gwamnati ta kafa dokar duba nama. Da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, sunan ma ya zama abin gudu, har waɗansu masu abinci suka sake masa suna don kada a ji ƙamshin Jamus a jikinsa.

Wanda ya wanke shi a idon mutane shi ne kamfanin White Castle, wanda Walter Anderson da Billy Ingram suka buɗe a Wichita ta jihar Kansas a 1921. Suka shafe ɗakunansu da fari fat, ma'aikata suka sa fararen kaya, ana gasa nama a gaban mai saye, kowane ɗaya senti 5. A 1948 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, a San Bernardino ta jihar Kalifoniya, suka tsara kicin ɗinsu kamar masana'anta, kowane ma'aikaci da aikinsa guda, suna sayarwa senti 15. Ray Kroc ya karɓi tsarin, ya buɗe nasa reshen a 1955, daga nan abin ya bazu ƙasashe fiye da 100. Cuku kuwa, mutanen Pasadena a Kalifoniya suna cewa wani saurayi, Lionel Sternberger, shi ya fara ɗora shi a shekarun 1920 a rumfar mahaifinsa. Cukunsu ba busasshe ba ne kamar wanda Buzaye suke kawowa daga Azbin. Mai laushi ne, da ya ji zafi sai ya narke ya lulluɓe naman.

Kowa da abin da yake so a kai

Daren ƙarshe wani iyali suka gayyace mu gidansu a bayan gari. Maigida ya hura gawayi a tsakar gida, uwargida ta jera kwanoni: latas, tumatir, ɗanyar albasa da soyayya, kokwamba da aka jiƙa a ruwan tsami, cuku iri 3, kecap da mastad. Kowa ya haɗa nasa. Nan hira ta ɓarke, muka ji yadda kowane yanki yake da nasa hali. A El Reno ta jihar Oklahoma ana danna albasa mai yawa cikin naman a kan kasko, dabarar da aka koya a shekarun wahala, lokacin da nama ya yi tsada albasa kuwa tana arha. A jihar New Mexico gasasshen koren barkono suke ɗorawa tare da cuku. A Minneapolis cukun a cikin naman ake ɓoye shi, sai ka gatsa ya kwararo da zafi. Mutanen Ostareliya har soyayyen ƙwai da jan gwoza na Turawa suke sawa.

Akwai kuma na manya. A 2001 wani shahararren kuku Bafaranshe, Daniel Boulud, ya fara sayar da hambaga a Niyu Yok wadda ya cusa wa naman haƙarƙari da hantar agwagwa mai kitse, a kan kuɗin da ya ninka na bakin titi sau da yawa. Tun daga lokacin manyan gidajen abinci suke ta gasa, wannan ya sa cuku mai shuɗin jijiya, wancan ya sa naman kaza na daji. Muka yi mamaki, abincin da aka soma da guntattakin mahauci ga shi ya hau teburin attajirai.

Muna cikin haka sai muka ga maigida ya soka wani ɗan tsinken ƙarfe mai agogo cikin kowane faifan nama kafin ya sauke. Muka tambaya. Ya ce, "'Yan'uwa, wannan ba ado ba ne." Ya ba mu labarin abin da ya faru a 1993, sa'ad da mutane fiye da 700 a jihohin yammacin Amurka suka kamu da ciwo bayan sun ci hambagar da ba ta nuna ba, yara 4 suka mutu. Wata ƙwayar cuta ce mai zama a hanjin shanu. Ya bayyana mana dalilin, muna kuwa roƙon iyaye mata su riƙe shi. In nama yanka guda ne, ƙwayoyin cuta a bayansa suke, wuta tana taɓa su ta kashe. Amma da an niƙa shi, na waje sun koma ciki, sun gauraye ko'ina. Saboda haka dole tsakiyarsa ta kai zafin digiri 71 a ma'aunin Salshiyas. Wanda ba shi da ma'auni ya yi faifan siriri, ya gasa har tsakiya ta nuna sarai, ba ja ko kaɗan, musamman in yara ko tsofaffi ko mai ciki za su ci. A wanke hannu da wuƙa da katakon yanka kafin a taɓa latas da tumatir, kada kuma a mayar da gasasshe farantin da ɗanye ya zauna.

Uwargidan ta ƙara da nata. Ta ce kakanta ta tashar Hamburg ya fito yana yaro, da akwati ɗaya shi da iyayensa. Ta ce abin da yake damunta yanzu shi ne yara da yawa a cikin mota suke cin abincin nan, kowa shi kaɗai, har rana ta faɗi ba su zauna da iyayensu ba, ga kitse da gishiri da lemon kwalba kullum suna jawo ƙiba da hawan jini. Don haka a gidanta sau ɗaya a mako ake yinsa, a gida, kowa kuma sai ya zauna. Muka duba teburin, ga kaka, ga jikoki, ga mu baƙi daga nesa an ba mu wuri a tsakiya. Cikin hambagar da muka ci a ƙasar nan duka, wannan ce ta fi zauna mana.

Saƙon Iya

Da muka komo, bayan an gama barka da zuwa, muka aika kasuwa aka sayo naman sa mai ɗan kitse, aka niƙa a gabanmu. Muka kwaɓa shi da gishiri da albasa da ɗan yajin tsire, muka gasa a kasko har ya nuna, muka sa a burodi da tumatir. Muka kai wa Iya da kanmu, muka zauna muka ba ta labarin birnin bakin kogi, da akwatunan katako, da ɗan ɗakin jan bulo. Ta saurara har ƙarshe, ta gutsura ta tauna a hankali. Sa'an nan ta ce, "Ashe abincin matafiya ne. Allah sarki, bayin Allah." Ta kira jikan nata, ta raba sauran biyu ta miƙa masa rabi, ta ce gobe a ƙara yaji.